Fostar da Ke Numfashi

Ba kowace jami'a Allah yake yi wa irin gatan da ya yi wa wannan ba. Wata ya ba ta ɗakin karatu mai hawa uku, wata ya ba ta malamai masu furfura da tarin littattafai. Wannan kuwa da ya tashi yi mata baiwa sai ya aiko mata da Darakta.

Darakta ɗalibi ne a ajin ƙarshe na Sashen Zane da Isar da Saƙo, inda ake koya wa mutum yin fosta da tambari da alamar hanya, da duk abin da ido zai kalla ya gane ba sai an tsaya yi masa bayani ba. Babu wanda ya naɗa shi darakta. Shi ne ya duba ya ga duniya tana jan ƙafa, ya tausaya mata, ya naɗa kansa tun a makon farko na ajin farko. Ya rubuta a bayan littafinsa, ya rubuta a murfin kwamfutarsa, ya sa a ƙarƙashin hotonsa na waya: Daraktan Basira. 'Yan aji suka karɓi rabin sunan suka bar masa basirar ya riƙe abarsa.

Ko daga nesa ka hango shi ka san ilimi ne ke tahowa. Baƙar riga, baƙin wando, baƙin takalmi, da wani baƙin ƙyalle da yake naɗawa a wuya ko da rana tana narka kwalta. Ya ce manyan masu zane ba sa ɓata tunaninsu wajen zaɓen launin tufafi. Gumin da ke bin bayansa kuwa sadaukarwa ce, kuma kowa a ajin yana samun rabonsa na wannan sadaukarwar idan fanka ta juyo.

Sai tabarau. Ai labarin Darakta ba ya cika sai da tabarau. Wanda yake sawa zagayayye ne, siririn ƙarfe, mai kyau ƙwarai a hoto, kuma gilashinsa bai fi gilashin taga magani ba. Yana da wani na gaske wanda likita ya rubuta masa tun yana sakandare, mai kauri kamar gindin kwalba, amma wannan yana kwance a durowar Ummansa, domin a cewarsa ya saɓa wa tsarin fuskarsa. Saboda haka duk abin da ya wuce tsawon hannunsa, hazo ne. Mutane suna cewa Darakta ba ya gaisuwa saboda girman kai. Wannan zalunci ne. Rabi ne kawai girman kai, sauran rabin ba ya ganinsu. An taɓa ganinsa a baranda ya ɗaga wa jar tukunyar kashe gobara kai cikin isa, ya ce mata, “Ka ci gaba da ƙoƙari,” yana zaton wani ɗan ajin farko ne ya rusuna masa.

Kowane babban mutum yana da kalmarsa, ta Darakta ita ce numfashi. A shekararsa ta biyu Malama, wadda ke koyar da su tsara shafi, ta yi kuskuren cewa bai kamata a cika takarda da kaya ba, a riƙa barin fili domin zane ya samu ya numfasa. Minti biyu ta yi a kan maganar ta wuce. Darakta bai wuce ba. A nan ya sauke kayansa, ya kafa gida, ya zauna shekara uku.

Idan aka liƙa ayyukan 'yan aji a bango domin a tattauna, Malama ba ta gama cewa “Wa ke da magana?” ba ya riga ya miƙe. Zai taka a hankali, hannu ɗaya a aljihu, ya tsaya gaban aikin da ba ya iya gani, ya rufe ido, ya ja iska.

“Ina jin kukan wannan shafin,” zai ce. “An shaƙe shi. An ɗora masa launi a kan launi kamar kayan ƙaura. Ku fahimta, jama'a, zane ba ihu ba ne. Zane raɗa ce. Mai zanen gaske yana cirewa, yana cirewa, har sai ya rage abin da ba zai ciru ba. Ni ba don kowa nake zane ba. Ina zane ne don idon da ya waye.”

Wata rana ya yi wannan jawabin gaba ɗaya a gaban jadawalin jarrabawa. Babu wanda ya katse shi. Malama ma ta bar shi ya kai ƙarshe, ta ce jadawalin ya gode.

A gida ma bai bar su cikin duhu ba. Ya sauke kalandar Umma daga bangon falo domin bango ya numfasa. Ya shiga kicin ya ɓanɓare duk takardun da ke jikin gwangwanaye, ya liƙa farare iri ɗaya, kowanne da sunansa cikin harufa sirara kamar gashin gira, launin toka mai haske. Ya ɗauki hoton kantar ya sa a waya, mutum goma sha ɗaya suka yaba. Washegari Abba ya sha shayi da gishiri cokali biyu.

“Yaya, don Allah ka zo ka karanta mana wannan,” in ji ƙanwarsa, tana juya gwangwani a gaban taga. “Sukari ne ko sabulun wanki? Numfashin ya yi yawa, mu mun kusa daina namu.”

“Ke ba ki da tarbiyyar ido.”

“Ina da ta harshe. Shi ya sa nake ɗanɗanawa kafin in zuba.”

Sai Umma ta tashi. Ta ɗauko jan zare ta ɗaura a wuyan gwangwanin gishiri, matsalar ta ƙare. Darakta ya daɗe yana jin zafin wannan zaren. Ya ce ya ɓata masa tsari.

To a ajin nan akwai wani mutum da ya tsaya wa Darakta a maƙogwaro, ba don ya taɓa yi masa komai ba. Dattijo ne mai shekara arba'in da wani abu, kowa yana ce masa Kawu. Shekara ashirin ya yi yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci da burushi da gwangwanin fenti, sai da 'ya'yansa suka tasa sannan ya ce shi ma bari ya je ya ji abin da ake faɗa a jami'a game da sana'arsa. Yana danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Har yanzu akwai shuɗin fenti a gefen farcensa da sabulu ya haƙura da shi. Kuma yana da wata ɗabi'a da ya taho da ita daga bakin titi: duk abin da ya zana, sai ya buga shi a takarda, ya liƙa a bango, ya ja da baya taku goma yana ƙirgawa a fili, ya karkata kai ya duba. Idan ɗakin bai kai taku goma ba sai ya buɗe ƙofa ya ƙarasa a baranda.

“Ga shi nan zai yi karo,” Darakta yakan ce, yadda kowa zai ji. “Kawu, nan jami'a ce fa. Ba gareji ba.”

Kawu sai ya yi dariya. “Ɗana, mai mota ba ya tsayawa ya karanta allo. Yana wucewa ne. In bai gani ba a wucewar, an yi asarar fenti.”

Darakta yakan girgiza kai cikin tausayi. Ya sha gaya wa mutane cewa Kawu yana da hannu, ba shi da falsafa.

Da zangon ƙarshe ya zo, Malama ta ba da aikin kammalawa. Asibitin jami'a yana fama da marasa lafiya masu watsar da magani da zarar sun ji sauƙi, ciwo ya dawo musu da ƙarfi. Ana son fosta guda da za a kafa a ɗakin jira, mai cewa a shanye magani duka. Za a baje ayyukan a babban zaure, kuma wata mata mai babban kamfanin zane za ta zo ta zaɓi ɗaya. Wanda aka zaɓa, fostarsa za ta hau bangon asibiti, shi kuma ya samu gurbin aiki na shekara guda a kamfanin. Gurbi ɗaya tak, ɗalibai talatin da biyu.

Darakta ya ji tausayin talatin da ɗayan. A ranar ya koma gida ya sanar cewa ya samu aiki. Umma ta yi hamdala, ta kira 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. Abba ya gaya wa abokan zamansa. Kafin mako ya zagayo wata gwaggo har ta fara tambaya ko kamfanin yana ɗaukar masu gadi, akwai ɗanta. Darakta ya ce zai duba. Ya kuma buga katin shaida guda ɗari biyu, fari fat, da sunan kamfanin da muƙamin da ya ga ya dace da shi.

“Yaya, an ba ka aikin ne, ko za a ba ka?” ƙanwar ta tambaya.

“Wannan bambanci ne na masu ƙaramin tunani.”

Sai aka shiga aiki. Kawu ya zana ƙaton hannu riƙe da fakitin magani, ramuka tara babu komai, na goma da ƙwaya ɗaya ja, da kalmomi huɗu baƙaƙe manya. Ya buga, ya liƙa, ya ja da baya. Ya naɗe fostar ya kai asibitin da kansa, ya nuna wa mai shara da mai gadi da wata tsohuwa da ke jiran layi. Tsohuwar ta ce hannun ya yi kama da na mai roƙo. Kawu ya dawo ya sake hannun. Mai gadi ya ce jar ƙwayar ta yi kama da maɓalli. Ya sake ƙwayar. Sau bakwai yana zuwa yana dawowa, har ma'aikatan jinya suka fara tambayarsa jiki.

Darakta ya kalli wannan zirga-zirga da baƙin ciki. Ya ce ranar da zai nemi shawarar mai shara a kan zane, ranar zai ajiye ƙyallen wuyansa.

Nasa aikin ya fi ƙarfin a yi masa wannan wulaƙancin. Farar takarda ce mai tsawon mutum. A can ƙasa, kusurwar dama, ɗigo guda launin toka, shi ne ƙwayar ƙarshe. A ƙarƙashin ɗigon, layi ɗaya na harufan nan nasa masu kama da gashin gira. Shi ke nan. Mako shida ya yi a kan wannan ɗigon. Yakan faɗaɗa shi a allon kwamfuta har ya cika allon kamar faranti, ya kai hancinsa dab da gilashi, ya matsar da shi dama kaɗan, ya tafi shan shayi, ya dawo ya mayar da shi hagu. Ya gwada launin toka iri arba'in. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne kunya, wanda in ka kalle shi sai ya ɓuya.

A allon, gaskiya, ɗigon yana da kyau. Komai yana da kyau idan ka faɗaɗa shi sau takwas ka ɗora hanci a kai.

Malama ta tsaya a bayansa wata rana ta daɗe tana kallo. “Tunanin ba laifi,” ta ce. “Ka buga gwaji ka liƙa a bango ka gani. Ɗakin jiran asibiti yana da faɗi, kuma masu zama a ciki ba su da lafiya.”

Darakta ya juyo da kujerarsa a hankali. “Malama, da girmamawa, gwaji na mai shakka ne. Ni na riga na ga aikin nan a nan,” ya taɓa goshinsa. “Mara lafiya zai shigo da hayaniya a kansa. Zai ɗaga ido ya ga fari. Zai yi shiru. Farin zai ja shi, ya taso, ya matso, ya sunkuya, ya gano ɗigon da kansa. A wannan lokacin ba fosta ya gani ba, kansa ya gani.”

“Mai zazzaɓi ne zai taso ya sunkuya?”

“Idan zanen ya isa, zai taso.”

Malama ta wuce wurin na gaba. Shekara huɗu ta koya mata inda ake ajiye numfashi.

Kwana uku kafin baje kolin ya tura aikin wa mai buga fosta, wani mutum mai shago a bayan jami'a da injinsa ya buga ayyukan ɗalibai fiye da yadda zai iya tunawa. Ba a jima ba wayar Darakta ta yi ƙara.

“Yallaɓai, abin da ka turo babu komai a ciki. Ko za ka sake turowa?”

“Akwai komai a ciki. Duba ƙasa, dama.”

Mai bugawa ya duba. “Na ga wani abu kamar ƙura. Na ma goge allon, bai fita ba.”

“Wannan shi ne aikin.”

“To. In ƙara masa duhu kaɗan? Injin nan in launi ya yi haske haka, takarda shanye shi take yi. Ka zo ka ga gwaji, minti biyar ne.”

“Malam, kai bugawa aka ce ka yi. Tunanin an riga an yi shi.”

Mai bugawa ya buga. Ya manna fostar a kan allo mai ƙarfi kamar yadda aka umarta. Da ya ga fari ne ƙal, kuma ya san hannun masu ɗauka, sai ya yi abin da yake yi wa kowane farin aiki: ya rufe fuskarta da wata farar takarda, ya kama gefunan da salatif, ya ɗauki baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya rubuta a ƙasa, kusurwar dama, da manyan harufa: MARFI NE, A CIRE. Ya aika zaure.

Darakta bai je karɓa ba, darakta ba ya ɗaukar kaya. Takarda ya aika wa masu kula da zauren, mai layi uku, cewa aikinsa ba ya son hannu, kada wanda ya taɓa fuskarsa, kada a ƙara, kada a rage, a rataye shi yadda ya zo. Masu kula da zaure mutane ne masu biyayya. Suka karanta takardar Darakta, suka karanta rubutun mai bugawa, suka auna wanda ya fi iya masifa, suka rataye shi yadda ya zo.

Ranar baje koli zauren ya cika tun da hantsi. Iyaye, ƙanne, malamai, ma'aikatan asibiti biyu. Umma ta zo da gwaggo da ƙanwar, sun sha ado, sun zauna a layin gaba. Darakta ya iso a makare yadda ya kamaci babban baƙo, ƙyallen wuyansa sabo, aljihunsa cike da kati. Daga bakin ƙofa ya hango wani dogon fari a bango da ɗan duhu a kusurwar ƙasa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ɗigon ma ya fito fiye da yadda ya zata.

Kawu ya tare shi da sauri, ya rage murya. “Ɗana, zo ka matsa kusa da aikinka ka duba, akwai...”

“Kawu, yau ba ranar taku goma ba ce.”

“Ba goma ba, ɗaya ma ya isa. Ka je dai ka...”

“Na gode. Ka je ka tsaya wurin hannunka.”

Ƙanwar ma ta taso tana ɗaga masa hannu, ya yi mata alamar ta zauna, ba yanzu ake hoto ba. Malama tana can ƙarshen zaure tare da mai kamfanin, suna bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Da ta hango abin da ke bango ta dafe goshi, amma sun riga sun iso.

Mai kamfanin gajeriyar mata ce mai ƙaramin littafi a hannu, ba ta da yawan magana. Ta kalli bangon, ta kalli Darakta, ta ce, “Bismillah.”

Darakta ya tsaya gefen aikin, ya ba shi baya, ya fuskanci jama'a. Ya taɓa cewa mai zanen gaske ba ya kallon aikinsa, aikin ne ke kallonsa. Ya rufe ido. Ya ja iska.

“Jama'a, abin da ke bayana ba fosta ba ce. Shiru ne. Mako shida na yi ina cirewa, har na kai inda babu abin da ya rage a cire.”

Wani a baya ya yi tari mai kama da an shaƙe shi.

“Na san wasunku za su ce, ina launi? Ina hoto? Na yafe muku. An saba muku da ihu. Amma ku dubi wannan farin. Ba farin banza ba ne, zaɓaɓɓe ne. Kowane taƙi nasa da niyya aka bar shi.” Ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba, ya nuna kusurwar ƙasa. “Sannan ku sauke ido nan. Duk saƙon yana nan. Wanda ya karanta abin da ke wannan kusurwar ya kuma yi aiki da shi, ya tsira. Abin takaicin shi ne, mutane suna gani, suna karantawa, ba sa aikatawa.”

“Wallahi gaskiya ne, Yaya,” in ji ƙanwar daga layin gaba, tana danne dariya.

Zauren ya fara motsi. Kafaɗu suna girgiza, mata suna cusa baki a mayafi, wani malami ya fita waje da sauri kamar an kira shi. Darakta ya ji wannan motsin ya gane shi nan take: zane ya taɓa zukata. Ya ƙara minti goma. Ya yi magana a kan tsoro, da mutuwa, da kaɗaicin ƙwayar ƙarshe. Ya ce wata rana za a koyar da wannan kusurwar a jami'o'i.

Da ya sauke numfashi, mai kamfanin ta ce, “Na gode. Yanzu za mu iya bin umarnin?”

“Wane umarni?”

Ta taka ta sa farce ta ɓanɓare salatif, kusurwa huɗu, ta zare takardar gaba ɗaya ta miƙa masa. Ya karɓa. A tsawon hannu idonsa yana aiki sarai. Ya karanta kalmomi huɗun nan, ya sake karantawa, kamar za su canza ra'ayi.

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle. Amma a yi wa Darakta adalci, bai faɗi ba. Ya naɗe marfin, ya gyara ƙyallen wuya, ya ce, “Wannan ma wani ɓangare ne na tafiyar. Yanzu ga ainihin aikin.”

“Madalla,” in ji matar. “Ɗakin jiran asibitin nan, daga benci zuwa bango taku nawa ne?”

“Goma,” in ji Kawu. “Sha ɗaya in ka zauna a na baya.”

Ta sa kowa ya ja baya taku goma. Zaure guda, iyaye da malamai, suna tafiya da baya suna ƙirgawa, irin tafiyar da Darakta ya shekara huɗu yana yi wa dariya. Sannan ta waiwaya ta zaɓi wadda ta ga ta fi kowa natsuwa a layin gaba, ba tare da ta san ko wace ce ba.

“Mama, don Allah dubi bangon can. Me fostar take ce miki?”

Umma ta gyara zama. Ta ƙanƙance ido. Tana son ɗanta, kowa ya ga haka a fuskarta, ta duba da dukkan ƙarfinta, sama da ƙasa, dama da hagu. Can ta juyo cikin ladabi.

“'Yar nan, ai sai ki cire marfin tukuna.”

Babu wanda ya yi dariya wannan karon, abin ya wuce nan. Umma ta ga yadda aka yi tsit, ta gane ta yi ɓarna ba ta san ta ina ba. Ta buɗe jakarta ta lalubo wani abu a naɗe cikin hankici, ta taka har gaban ɗanta.

“Ungo, Babana. Na ce ko za ka buƙace shi yau. Sa ka nuna mana inda abin yake.”

Tabarau ne mai gindin kwalba. Darakta ya sa, domin a gaban mutane ba a mayar wa uwa hannu. A karo na farko cikin shekara huɗu ya ga zauren, ya ga fuskokin 'yan ajinsu, ya ga ashe Malama tana da ɗan tabo a haɓa. Ya juya ya kalli aikinsa daga taku goma. Ya nemi ɗigon. Ya san inda ya ajiye shi, shi ya sa bai daɗe sosai ba.

Mai kamfanin ta rubuta wani abu a littafinta. Ta ce a aikin nan nasa gaba ɗaya saƙo ɗaya ne ya iso inda take tsaye, kuma wanda ya rubuta shi da maka ya san aikinsa, a gaishe shi. Sannan ta wuce wurin ƙaton hannun Kawu, inda ba ta tambayi kowa komai ba, domin wani yaro ɗan shekara bakwai ya riga ya karanta shi da ƙarfi tun daga bakin ƙofa.

Kawu ya samu gurbin. Da aka faɗa sai ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɓoye farcen nan mai shuɗi a aljihu. Ya zo ya dafa kafaɗar Darakta ya ce tunanin ƙwayar ƙarshe mai kyau ne, shi ma ita ya zana, girma kawai ya ba ta. Darakta ya ce ya gode, kuma tarihi ne zai yi hukunci.

A gida ya bayyana cewa shi ne ya janye, domin kamfanin bai kai matsayin da zai fahimce shi ba. Umma ta sake kiran 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, wannan karon a taƙaice. Gwaggo ta nemi lambar Kawu. Katunan nan ɗari biyu ba su yi asara ba, ƙanwar tana rubuta cefane a kansu, gaba da baya, ta ce ba ta taɓa samun takarda mai fili irin wannan ba.

Bayan wata guda Umma ta matsa masa ya je asibitin jami'a a sake auna idonsa, ko za a samu tabarau mai magani da zai yarda ya sa. Ya je cikin baƙaƙen kayansa, da zagayayyen gilashinsa na taga, ya zauna a bencin baya yana jiran layi. Ɗakin duk hazo ne. Ba ya ganin agogo, ba ya ganin lambar ƙofa, ba ya ganin fuskar wanda ke kusa da shi. Ya ɗaga kai don ya huta, sai ga ƙaton hannu a bango, da jar ƙwaya, da kalmomi huɗu baƙaƙe.

Ya yi ƙoƙari ƙwarai kada ya karanta. Ya riga ya karanta.